Gwaggo da Akuyar da Ba Ta Mutu Ba

Daga Allah muka fito, kuma can ake mayar da mu, wani da safe wani da yamma. Wannan karon Gwaggo aka kira, ƙanwar mahaifina, a gidanta na Malumfashi, ranar wata Talata da hantsi, damina tana tsaka.

Ranar da za a binne ta, mutanen ƙauyenmu suka cika akori-kura biyu har tana nishi. Ban ƙidaya ba, amma ina jin ba a bar kowa a garin ba sai kaji da wani tsoho da ba ya ji, shi ma don ba a samu hanyar gaya masa ba ne. Muka sauka a ƙofar gidan, kowa da gorarsa ta ruwa rataye a kafaɗa, maza da mata, har liman. Matan cocin su Gwaggo sun riga sun cika randuna, sun jera kofuna a faranti. Suka zagayo da ruwa, mutanenmu suka yi godiya, kowa ya buɗe gorarsa ya sha.

Wata dattijuwa cikin matan cocin ta kasa haƙuri. Ta ajiye farantin ta ce, "Ashe ko a wajen mutuwa ba za ku sha ruwan Kirista ba?"

Liman ya miƙe da sauri har rawaninsa ya goce. Ya ce, "Wallahi baiwar Allah ba haka ba ne. Wadda muka zo dominta, ita ta rataya mana gorunan nan. Mun zo da su ne don ta gani."

Sai sarkin nomanmu ya fashe da kuka. Mutumin da wani bijimin sa ya taɓa take wa ƙafa ya karya ta, ya ce a bari ya gama kunyar da yake kai tukuna. Kukansa ya tayar da na mata, na mata ya tayar da na fasto. Cikin wannan hayaniya matar Yayana marigayi ta share hawaye da bakin mayafi, ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ku tambayi wancan mai dogon bakin. Shi ya jawo gora. Kai, gaya musu zancen akuya."

Duk wanda ya san ni ya san ba a roƙona magana, roƙona ake in yi shiru. Amma ranar na buɗe baki, ko tari bai fito ba. Abin da na kasa faɗa a tsakar gidan shi nake rubutawa, don yaranmu sun taso sun ga gora a kafaɗar iyayensu, suna tsammani ado ne.

Kakanmu Bamaguje ne. Mahaifina ya musulunta tun yana saurayi, Gwaggo kuwa 'yan mishan suka ɗauke ta makaranta, ta dawo da littafi da addu'arta. Ba su taɓa faɗa a kan wannan ba. Faɗansu ɗaya ne, kuma sun yi shi shekara talatin: keke. Mahaifina ya ce mace mai mutunci ba ta hawa keke. Gwaggo ta ce to ya saya mata jaki mai birki. Keken nan nata ba shi da ƙararrawa, ba ya kuma bukata, don in ta iso Tsiga, garin da ke kan hanyarta ta zuwa wajenmu, muna jin kukan sarƙarsa daga ƙauyenmu, mata su samu lokacin share tsakar gida da wanke wa yara fuska.

A ofishin jin daɗin jama'a take aiki, wanda mutane ke kira welfiya. Mu dai ba mu taɓa gane iyakar aikin ba. Yau tana sasanta miji da mata, gobe tana neman wa makaho inda zai koyi saƙar igiya, jibi tana rigima da wani kawu da ya riƙe gonar marayu. Amma akwai abu ɗaya da ba ta fasawa. In ta shiga gida aka gaisa, maigida ya ce lafiya lau, sai ta ce, "Kai ka ce lafiya lau. Bari in tambayi rumbunka." Sai ta zagaya baya, ta ƙwanƙwasa cikin rumbun da ƙashin yatsa sau uku, ta kara kunne. Rumbun da ke cike yana amsawa da murya ƙasa-ƙasa. Wanda ya kusa ƙarewa kuwa ƙara yake kamar ganga. Manyan mutane masu babbar riga sun sha tsayawa suna zufa, Gwaggo tana sauraren asirinsu a jikin laka. Ba ta taɓa fita ta faɗa wa kowa abin da ta ji ba. Sai dai bayan kwana biyu a ga mudun dawa ya shigo gidan ta wata hanya da ba ta kunyata kowa.

Shi ya sa ranar jana'iza, kafin a ɗauki akwatin, tsohon mai unguwarmu ya matso da sandarsa, ya ƙwanƙwasa katakon sau uku, ya kara kunne. Mutanen gari suka zuba masa ido, wasu har sun fara ɓata rai. Ya ɗago ya ce, "A cike yake." Ya koma ya zauna.

To, ga zancen akuya.

Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba cutar amai da gudawa ta shigo mana. Rediyon mai shayi ta riga ta gaya mana tana tafe. Wai daga can gabashin duniya ta taso, ta bi ƙasa bayan ƙasa, ta ƙetare teku, ta shigo ta bakin ruwa. Ni da bakina na ce cutar da ta yi wannan doguwar tafiya, kafin ta iso Funtua ta gaji, sai dai mu ba ta tabarma. Aka yi dariya. Da damina ta sauka, ita ma ta sauka, kuma ba ta nemi tabarma ba.

Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Mun san ciwo, mun san jinya. Mun saba mutum ya kwanta, a je dubiya, a kai kunu, a yi sati ana addu'a. Wannan ba ta ba da lokacin dubiya. Ka gaisa da mutum da safe a bakin rijiya, da la'asar a ce ka zo ka ɗauki makara. Ruwa ne ke fita daga jikin mutum ta sama da ƙasa, fari kamar ruwan wankin shinkafa, har idanunsa su faɗa ciki, fatar yatsunsa ta tattare, muryarsa ta koma ta jariri. Ƙato mai ɗaukar buhu biyu sai ya koma abin da za ka ɗaga da hannu ɗaya. Mutane suka daina kiran sunanta, sai a ce baƙuwa. Baƙuwa ta shiga gidan wane. Kasuwarmu ta watse. Aka daina musabaha a masallaci. In cikin mutum ya yi ƙugi a sahu, na kusa da shi sai ya matsa.

Yayana, wanda nake bi, a gona ta same shi. An gama noman firi, wato na farko, ciyawa ta sake tasowa, ya fita maimai, noma na biyu, da sassafe. Da azahar maƙwabcin gonarsa ya hango shi kwance tsakanin kunyoyi. Muka ɗora shi a amalanke muka nufi titi, ko Allah zai kawo motar da za ta kai mu asibiti. Ina riƙe da hannunsa, yana ta cewa ruwa, ruwa, mu kuma muna hana shi, don a lokacin mun ɗauka ruwa ƙara gudawa yake. Ba mu kai titi ba. Har yau in na tuna da ruwan nan da muka hana shi sai in ajiye abin da nake ci.

Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, babban bai wuce shekara bakwai ba. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Dawa tana gona ta kai gwiwa, ciyawa tana binta a guje. Duk manomi ya san in maimai ya wuce lokacinsa da sati biyu, sai dai ka girbe kara. Kuma duk ƙauyen an san wanda nauyin gonar ya hau kansa. Ni ne ƙane, ina da shekara talatin, ina da ƙarfi, ina da fartanya.

Sau biyu na je. Na tsaya a bakin gonar na hango malfarsa a kife, fartanyarsa tana nan inda ta faɗi. Ƙafafuna suka ƙi. Na yi musu faɗa, na yi musu magiya, suka ce su dai gida.

Da yamma a gindin ɗorawa inda muke zama, sarkin noma ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Yaushe za ka shiga gonar yayanka? Ciyawa ta fara haɗiye dawa."

Da na ce tsoro nake ji, da an zage ni an wuce wurin. Amma ni ban saba a yi dariyata ba, na saba a yi dariyar abin da na faɗa. Sai na ji bakina yana cewa, "Sarkin noma, gonar nan ba ta shiguwa. Jiya a gabana wata akuya ta shiga, ta ci ciyawa baki uku, ta fara zawo tun daga tsakiyar gona, kafin ta kai iyaka ta faɗi. Baƙuwa tana cikin ƙasar wurin."

Na jira dariya. Ba wanda ya yi. Sai wani ya ce a hankali, "Ƙanen mamacin ne fa da kansa ya gani."

Kafin a yi sallar magariba akuya ta zama biyu. Ranar Juma'a ta zama saniyar Fulani. Wata tsohuwa ta rantse min, ni da na ƙirƙiro zancen, cewa hankaka ya gitta ta saman gonar ya faɗo. Aka daina bin hanyar da ta ratsa wurin. Masu gonakin da ke iyaka da ita suka bar kunya goma-goma ba noma. Daga gona abin ya koma gida. Mai kai wa matar Yaya ruwa ya daina. Aka kori yaran daga bakin rijiya, wai ƙasar gonar tana ƙafarsu. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, bayan sati ɗaya ni ma na yarda. In na rufe ido ina ganin akuyar, ja ce, mai farin goshi.

Ana cikin haka wata safiya muka ji kukan sarƙar keke.

Tun farkon annobar Gwaggo take bin ma'aikatan lafiya ƙauye-ƙauye. Su suna allura, suna zuba magani a rijiyoyi, suna cewa a tafasa ruwa, sai motarsu ta wuce gaba. Ita kuwa sai ta dawo baya ita kaɗai, ta bi gidajen da aka yi rashi ta ga wa ya rage, me zai ci. Ta rame har ta kusa komawa tsinke, ga galan na maganin nan mai warin asibiti ɗaure a bayan keken.

Gidan Yaya ta fara shiga, gidan da ba wanda ya taka cikin kwana takwas. Daga baya matar Yaya ta gaya min Gwaggo ta ɗebo mata ruwa tulu uku da kanta, ta tafasa, sannan ta zagaya ta ƙwanƙwasa rumbu. Rumbun ya yi ƙara. A nan matar Yaya ta gaya mata cewa wanta ya aiko: in takaba ta ƙare zai zo ya tafi da ita da na goye, sauran ukun a raba wa dangi, tunda ba abin da za a girba.

Ina zaune a zaurena na ga inuwar keke. Ta ƙi tabarma.

Ta ce, "Ɗan nan, akuyar wa ce?"

Na ce, "Wace akuya, Gwaggo? Sannu da zuwa, ya hanya?"

"Hanya ƙalau. Akuyar da ta mutu. Ta wa ce?"

"Ai baƙuwar akuya ce, ba ta garin nan ba."

"Ikon Allah. Ita kaɗai ta taho, ko da rakiya?"

"Ita kaɗai."

"Wa ya binne ta?"

"Ungulu suka cinye."

"Su ungulun ina gawarsu?"

Na duba sama, na duba ƙasa. Tun ina yaro in na yi ƙarya kunnena na hagu yake ƙaiƙayi, kuma ita ta fara gano haka. Ta tsaya tana kallon hannuna har ya kai kunnen.

Na ce, "Gwaggo, tsoro nake ji. Na riƙe hannunsa. Na ga yadda ya koma."

Na ɗauka mari zai biyo baya. Sai ta miƙo hannayenta biyu ta ce in duba. Rawa suke yi kamar na mai zazzaɓi. Ta ce, "Wata biyu ke nan haka suke. Kowace safiya sai na yi amai kafin in hau keke, kuma kowace safiya sai na ce yau tawa ta zo. Tsoro ba laifi ba ne. Laifinka shi ne ka ɗauki naka tsoron ka ɗora wa marayu."

Sannan ta zauna a dakali ta yi min bayani kamar yaro. Ta ce cutar ba ta tashi a iska, ba ta shiga ta tafin ƙafa. Ta baki take shiga, a cikin ruwa, a kan hannun da ba a wanke ba. Ta ce, "Masu allura za su kore ta, ko ta gaji ta tafi da kanta. Amma baɗi ba mai zuwa da allurar yunwa. In gonar nan ta mutu, ni za a ba takarda in rubuta 'ya'yan ɗan wana, wannan gidan wane, wannan gidan wance. Na rubuta na wasu da yawa a watan nan. Waɗannan ba zan rubuta ba."

Da la'asar ta sa mai unguwa ya tara maza a gindin ɗorawa, kowa nesa da ɗan'uwansa. Ta ce gayya take nema. Sarkin noma ya ce ai taro shi ne abin da masu allura suka hana. Ta ce abin da ke kisa a gayya ƙwaryar kunu ce da ludayi ɗaya da ke zagaya baki arba'in. Saboda haka ba kunu, ba fura, ba tuwo. Kowa ya zo da gorarsa, da ruwan da matarsa ta tafasa, kada wanda ya sha na wani ko da ɗansa ne. Ga toka da sabulu a bakin gona.

Sarkin noma ya tashi tsaye. Ya ce, "Gayya ba kunu? Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba. Wannan ai aikin fursuna ne, 'yar mishan. Gobe kuma ki ce ba ganga."

Ta ce, "Ganga tana shiga baki?"

Ya ce, "A'a."

Ta ce, "To a zo da guda biyu."

Liman ya ce shi bai ga inda maganarta ta saɓa wa littafi ba. Har an fara sassautowa, sai wani daga baya ya ce, "To akuyar fa?"

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Na miƙe na ce jama'a ba akuya, ba saniya, ba hankaka, ni na ƙaga don tsoro. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi.

Ba su yarda ba. Wallahi ba su yarda ba. Shekara da shekaru ina zuba musu ƙarya suna haɗiyewa, ranar da na faɗi gaskiya suka ce gwaggonsa ce ta tilasta shi. Tsohuwar nan mai hankaka har aiko da jikarta ta yi a gaya min kada in ji tsoron gwamnati, in tsaya a kan abin da na gani.

Gwaggo ta ce min, "Matarka tana da akuya?"

Akuya ɗaya matata take da ita, ta gadon uwarta, kuma tana da ciki. Yadda aka fitar da akuyar nan daga gidana labari ne mai zaman kansa. Matata ta bi mu har zaure tana cewa in dai gwaji ake so a ɗaure ni a gonar, ni ne ba a asarar komai.

Washegari da sassafe muka tafi, ni da Gwaggo da akuya. Rabin gari ya biyo mu, suka tsaya can kan tudu, nisan da in ka yi ihu sai an tambaye ka me ka ce. Gwaggo ta ɗaure zanenta ta shiga. Ta je daidai inda Yaya ya faɗi, ta zuba maganin galan, ta tona ƙasa ta rufe wurin. Ta ɗauki malfar ta ajiye gefe. Ta wanke ƙotar fartanyarsa da sabulu, ta wanke hannunta, ta kafa turke ta ɗaure akuya. Sannan ta miƙo min fartanyar ta ce, "Daga kunyar da ya tsaya za ka fara."

Ban san yadda na isa wurin ba. Raɓa tana taɓa ƙafata ina jin kamar wuta. Ina numfashi kaɗan-kaɗan, wai don kada in shaƙi da yawa, ko da yake an gaya min ba ta iska ba ce. Na sunkuya na kai sara ɗaya, biyu, goma. Ƙotar ta lotsa daidai inda hannunsa ya saba riƙewa. Ina tsakiyar kunya ta biyu sai cikina ya yi wani irin ƙugi, ya murɗa. Na yar da fartanya na ƙwala ihu, "Gwaggo, ta kama ni!"

Kafin in rufe baki tudun nan ya zama wayam. Sarkin noma da gurguwar ƙafarsa shi ya riga kowa isa gari.

Gwaggo ta zo ta ɗaga min fatar ido, ta matsa fatar hannuna ta saki, ta ga ta koma. Ta ce, "Ka karya kumallo?"

Na ce, "Tun jiya da rana ban iya cin komai ba."

Ta ce, "Yunwa ce, shashasha. Ɗauki fartanya."

Kwana uku ina noman nan ni kaɗai. Kowace safiya Gwaggo ta taho daga Malumfashi, ta yi kunya biyu tare da ni, ta wuce wasu ƙauyukan, da yamma ta biyo ta duba idona. Akuya kuwa ba ta taɓa samun daula irin wannan ba. Ta cinye ciyawar da ke kewaye da turke, ta miƙa wuya ta haɗa da dawa. Mutane suka dawo kan tudu, kullum suna ɗan matsowa. Ba ni suke kallo ba, bayan akuya suke kallo. A tarihin ƙasar Katsina ba a taɓa sa wa kashin dabba ido kamar na wannan akuya ba. Ni kuma ina duban abin da na nome da abin da ya rage, na san ko na mutu a kan fartanya ba zan kai rabi ba kafin dawar ta shaƙe. Ganyenta na ƙasa har ya fara ja.

A rana ta uku da yamma sarkin noma ya sauko daga tudu. Ya zo har turke, ya tsuguna, ya sa tsinke ya juya kashin akuyar, ya ga ƙwaya-ƙwaya ne, busasshe. Ya daɗe a tsugune. Ya tashi ya je bakin gona ya wanke hannu da toka.

Da gari ya waye na ji ganga. Guda biyu.

Suka zo a jere, kowa da fartanya a kafaɗa ɗaya, gora a ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi kirari. Na ga manyan mutane suna karanta addu'a kafin su sa ƙafa a kunya. Makaɗa suna kiɗa, idanunsu na kan hanyar gudu. Amma aka sunkuya. Kafin azahar an gama gonar da ta gagare ni, kowa ya koma gindin bishiya shi kaɗai ya buɗe gorarsa.

Ba zan ce daga ranar baƙuwa ta tafi ba. Bayan kwana huɗu ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka yi gayyar, magidanci mai 'ya'ya biyu. Aka fara kallon Gwaggo ta gefen ido. Ta bi sawu gida-gida har ta gano gorarsa ta ƙare a hanyar dawowa daga wata kasuwa, ya sha a rafi. Ta zo gindin ɗorawa ta faɗa, sannan ta ce, "Gonarsa tana bukatar huɗa. Jibi." Na ɗauka ba mai zuwa. Aka zo. Daga nan duk gonar da mai ita ya faɗi, gayyar gora ta shiga, har damina ta fita, cutar ta bi ta.

Dawar Yaya ba ta yi kamar ta kowace shekara ba, amma ta yi. Da kaka Gwaggo ta zo ta ƙwanƙwasa rumbun, ta kara kunne, ta daɗe. Ta ɗago ta ce wa matar Yaya, "Aika wa wanki ya sha zamansa." Yaran huɗu a gida ɗaya suka girma. A kakar nan ce kuma ta sa aka gina rumbu a ƙofar mai unguwa, kowace gonar da gayya ta taɓa ta kawo dami ɗaya, don gidan da za a yi rashi gaba. Sarkin noma ya yi gunaguni, ya kawo biyu. Da farin nan ya zo bayan 'yan shekaru, wannan rumbun ne ya riƙe gidaje da yawa har aka ga ruwa.

Matar Yaya abokiyar wasana ce tun ranar da aka kawo ta, amma shekara guda cur ba ta ce min ko sannu ba. Ranar da ta huce, ina wucewa ta leƙo ta katanga ta ce, "Mai akuya, an tashi lafiya?" Sunan ya bi ni har yau. Gwaggo kuwa ba ta sake tayar min da zancen ba ko sau ɗaya. Sai dai in ina zuba labari a gabanta, na kai inda giwa ta shigo, sai ta dubi kunnena na hagu, ni kuma in rage giwar ta koma tunkiya.

Allah ya saka mata da abin da ta yi wa gidanmu, ya ba mu haƙurin rashinta.

Kwana shida bayan mun dawo daga jana'iza, aka tsinci wani magidanci a unguwar gabas kwance a gonarsa yana amai. An kai shi asibiti, har yanzu ba mu ji ko mene ne ba. Wasu sun ce zazzaɓi ne, wasu sun fara rage murya. Matarsa tana da goyo, masararsa tana neman maimai. Jiya a gindin ɗorawa aka juyo ana kallona, don an san ni ne mai labari. Na ji labarin yana taruwa a bakina, da ƙafafunsa da wutsiyarsa. Na kasa kunne ko zan ji kukan sarƙa daga wajen Tsiga. Ba komai sai kukan kurciya.

Na ce, "Jibi gayya. Kowa da gorarsa."

Sarkin noma ya ce, "Kai za ka fara shiga?"

Na ce ni zan fara.

Matata ta tafasa ruwa, gorar tana rataye a zaure kusa da fartanyar Yaya. Tun safe cikina yake ƙugi, kuma na karya kumallo.